Jar Karsana

Jannatu ta tura ƙunshin ta ƙofar motar, ya tokare. Ta juya shi ta wajen wuya, ya sake tokarewa. Ɗan kamashon tashar Azare ya miƙo hannu zai karɓa ya cusa a but tare da buhunan albasa, ta fizge abinta.

"A jikina zan riƙe."

"Hajiya, wannan ai kujerar mutum guda zai ci. Mene ne a ciki haka?"

"Ba naka ba ne. Matsa mini."

Da ƙyar ta shige, ta zauna a takure tsakanin wani dattijo mai jar dara da wata mata mai goyo, ƙunshin a tsaye tsakanin gwiwoyinta, kansa yana gogar rufin mota. Wayarta sai ruri take yi cikin jaka. Ba sai ta duba ba, Yaya Talha ne, yanzu ya buɗe ɗakin Baba ya tarar da ƙusa a bango ba komai a jikinta. Ita dai fatanta ɗaya, direban nan ya bar surutu da mai shayi ya zo ya tayar da mota.

Abin da ke naɗe cikin zanin gadon jita ce, irin mai lantarki, ta mahaifinta Sha'aban Mai Jita da ya rasu watan jiya. Yaran yanzu ba su san shi ba, amma a zamaninsa, daga Misau har Gololo, bikin da bai je ba ba a kiransa biki, gidan rediyo kuwa ba ya wuni bai saka shi ba. Yau kafin la'asar za a raba gadonsa. Jiya Malam Abdurrahim, wanda zai yi rabon, ya ce kayan kiɗa ba ya shiga gado. Talha, babban ɗa, ya ce to shi ke nan, a gaban kowa zai fasa ta ya cinna mata wuta.

Ba mugunta ba ce, kuma wannan ne ya fi ƙona wa Jannatu rai. Da hawaye ya faɗa. Ya ce duk wanda ya sake kaɗa ta, zunubin zai bi Baba har cikin kabari, shi kuwa ba zai zuba ido ba. Ta yi kuka, ta yi magiya, ta ce a bar mata ita kaɗai a matsayin rabonta, ko cokali ba ta so a ƙara mata. Aka ce ba haka ake yi ba. Sai da Malam ya miƙe zai tafi ya ƙara da cewa in akwai kayan wani a cikin dukiyar, aro ko amana, a fitar a mayar wa mai shi tukuna. Maganar nan ce ta hana ta sakat, ita ce kuma ta sa ta a motar Katagum.

Sun bar gari ke nan motar ta faɗa wani rami, zanin ya zame, kan jitar ya leƙo da 'yan kunnuwansa na ƙarfe. Dattijon ya ƙura ido, ya sa yatsa ya ɗan janye zanin, sai ga jan jikinta da ya koɗe ya koma launin goro.

"La'ilaha illallahu! Jar Karsana ce wannan?"

Direba sai da ya waiwayo gaba ɗaya, motar ta yi wani layi.

"Malam, dubi gabanka!" in ji Jannatu.

Ina! Magana ta riga ta fita. Dattijon ya ce shi ganau ne, wani Bature malamin makaranta ne ya bar wa Sha'aban ita da zai koma ƙasarsu. Direba ya ce sam, a caca ya ciyo ta a Potiskum, ubangidansa ma yana wurin. Mai goyo ta ce ita dai kakarta ta gaya mata daga kogi aka tsamo ta, shi ya sa in ya kaɗa har faɗuwa mata suke yi. Kowa da tasa, kowa kuma sai ya rantse.

"A Jos aka ba shi," in ji Jannatu. "Wani makaɗi ɗan Gana, lokacin da aka kori baƙi. Ya rasa yadda zai tafi da ita, ya ji Baba ya taɓa ta a tasha, ya ce ta samu mai ita. Ni 'yarsa ce. Daga bakinsa na ji."

Aka yi mata ta'aziyya, aka yi wa mamaci addu'a. Har ta fara sakin jiki, sai wani da ke gaba, wanda tun ɗazu bai tanka ba, ya ce ba tare da ya juyo ba:

"Allah Ya jiƙansa. Amma mu a Katagum ba haka muka sani ba. Mu karsanar Babayo muka sani."

Jannatu ta kawar da kai. Wannan labarin ta fi kowa saninsa, a cikinsa ta tashi. Babayo abokin Baba ne tun suna samari, tare suka fara kiɗa. Shi cewa yake wata jar karsana ce tasa, haihuwar saniyar da aka ba shi ranar suna, ita ya saci jiki ya kai kasuwa, ya hau mota zuwa Kano ya sayo jitar a Sabon Gari, ubansa ya kore shi daga ruga a kan haka. Wai Sha'aban aro ya yi don wani biki a Misau, bikin ya fito da sunansa, daga nan ya ƙi mayarwa. Baba kuwa cewa yake sunan daga launinta ne kawai, hassada ce ke cin Babayo. Ko sunan kamfanin da ya ƙera ta an kankare daga kanta, kuma kowannensu ya ce ɗayan ne ya kankare. An je gaban manya an dawo, an yi shekaru ba a gaisawa. Jannatu tun tana firamare take dambe a kan maganar nan, har haƙorin wata ta taɓa girgizawa. Yau ga ta da ƙafarta za ta je ta roƙi mutumin ya maimaita.

Hanyar kuma kamar da gangan. Nan a tsaya a sauke buhu, can a tsaya a zuba wa injin ruwa, gaba kaɗan shanu su tare titi suna tafiyarsu ta isa. Ta duba rana, ta duba waya, ta gyara zama, ta sake gyarawa, har mai goyon ta ce, "Baiwar Allah, ƙafata ce fa kike takawa."

Ɗan acaɓa ne ya kai ta unguwar da ke gangaren kogi. Ta tarar da Babayo a gindin darbejiya ƙofar gidansa yana tufkar igiya, ya tsufa ya rame, sai dogon wuya da farin gemu. Matarsa Meram ta fito da tabarma da ruwa. Jannatu ta durƙusa.

"Baffa, ina wuni."

"Lafiya lau. Wannan ba ta Sha'aban ba ce? Idonsa ne sak. Ya ƙarin haƙuri?"

Yana magana idonsa yana kan ƙunshin, sai ya kawar da kai da sauri. Ta kwance zanin ta ajiye jitar a kan tabarma.

"Taka ce na kawo maka, Baffa."

Hannunsa ya tsaya cak a kan igiya. "Wa ya aiko ki?"

"Ba kowa."

Ta zayyana masa komai, tana yi tana tuntuɓe da kalmomi: rabon gado, abin da Malam ya ce, abin da Talha zai yi kafin la'asar. "In ka ce taka ce, ko ta waya ne, dole a ba ka. Ba wani sabon abu za ka faɗa ba. Abin da kake faɗa kullum ne."

Babayo ya ajiye igiyar.

"Kin makara, 'yata. Ku mata kuna cikin gida ranar jana'izarsa, shi ya sa ba ki sani ba. Da aka fito da shi za a yi masa salla, liman ya tambaya ko akwai mai bin sa wani haƙƙi. Na miƙe a gaban jama'a na ce na yafe. Na ce jita na bar masa duniya da lahira. Talha yana kusa da ni, har ya kama hannuna yana kuka."

Ashe shi ya sa jiya da Malam ya ambaci amana, Talha ko ɗago kai bai yi ba.

"To ka janye, Baffa!"

"In janye? In koma in ɗora masa kayan da na sauke masa, yana kwance?"

"Fasa ta za a yi! Ƙona ta za a yi!"

"Na ji ki."

"Kai da aka kore ka daga ruga saboda ita..."

"Au, yau kin yarda an kore ni?"

Kunya da haushi suka haɗe mata wuri guda. Meram ta ce daga bakin zaure, "Haba Malam, ka dubi yarinyar nan mana."

"Na dube ta. Magana ce na yi a kan gawa, Meram. Ba ta komawa."

Amma hannunsa bai ji maganar bakinsa ba. Ya miƙa shi a hankali ya shafi tsirkiyoyin, suka yi wata 'yar ƙara siririya kamar kukan sauro, don jitar lantarki in ba a jona ta ba iyakar muryarta ke nan. Ƙarar nan ita Jannatu ta fi sani. Mutane na tuna Sha'aban da lasifika tana girgiza fili, ita kuwa tana tuna shi da safe a tsakar gida, da singileti, yana kaɗa mata wannan 'yar ƙarar tana shan koko, shekarar da mahaifiyarsu ta rasu ta daina cin abinci. A bayan wuyan jitar akwai inda babban yatsansa ya cinye fenti har katako ya lotsa. Duk gidan nan ba abin da ya rage da ke ɗauke da hannun Baba sai wurin nan, kuma shi za a sa wa wuta.

Aka kira la'asar a masallacin unguwa. Wayar ta sake ruri. Wannan karon ta ɗauka.

"Jannatu, kina ina?" Muryar Talha a shaƙe take. "Zaure ya cika, Malam yana jira. Don girman Allah kada ki wahalar da Baba. Ki dawo da ita."

Ta dubi Babayo, ya kawar da kai. Ta dubi lotsin nan na wuyan jitar.

"Yaya, ka saki muryar kowa ya ji."

Ta ji ƙus-ƙus ɗin zauren ya shigo wayar, tari, motsin tabarma, muryar Malam Abdurrahim yana cewa a yi shiru.

"Ina Katagum, gidan Baffa Babayo. Wasiyyar Baba na zo cikawa. Ranar da zai cika a asibiti, kun fita salla, ni kaɗai ce a kansa. Ya kama hannuna ya ce jitar ba tasa ba ce." Ta ɗora hannu a kan jitar. "Ya ce labarin Jos shi ya ƙaga. Ya ce in kai wa Baffa kayansa, ko da ya ce ya yafe."

Zauren ya ɗauki salati.

"Shi ne jiya kika yi shiru?" in ji Talha.

"Kunya na ji masa, Yaya."

Malam ya yi gyaran murya ya ce ai an gama magana, ga amana ga wasiyya, kaya ya koma hannun mai shi, Allah Ya yi mata albarka. A can baya ta jiyo wani yana cewa, "Ashe dai! Ashe gaskiyar Babayo ce duk shekarun nan!" Ta gane muryar, wani maƙwabcinsu ne da ba ya kwana da labari a ciki. Kafin magariba Azare kaf za ta san Sha'aban Mai Jita ya mutu da kayan aro, kuma daga bakin 'yarsa aka ji.

"Alhamdu lillahi," Talha yana faɗa yana jan hanci. "Alhamdu lillahi da ba mu ƙona kayan mutane ba. Ba ni Baffa in nemi gafararsa."

Ta miƙa wayar. Babayo ya girgiza kai, ya nuna masallaci da hannu.

"Zai shiga salla, Yaya. Anjima."

Ta kashe wayar ta kife ta a kan tabarma. Meram ta ɗauki kofin ruwan da ba a sha ba ta shige gida. Mutane suna ta wucewa masallaci suna yi wa Babayo sallama, yana amsawa da ka.

Sai da mutanen suka gama wucewa ya ce, ba tare da ya dube ta ba:

"Bai faɗa ba, ko?"

Hawayen da take riƙewa tun daga tasha suka zubo.

"Bai faɗa ba, Baffa."

"Na sani. Sha'aban ɗin da na sani, ko ana zare masa rai ba zai faɗa ba." Ya yi 'yar dariya, ya sa gefen rawani ya goge ido. "Tun ina da baƙin gashi nake jiran in ji maganar nan daga gidanku. Yau na ji ta, kuma ƙarya ce."

Ya dafa ƙasa ya miƙe da ƙyar, ya ɗauki butarsa.

"Shigar da ita ciki, 'yata, rana tana dukanta."