Bulon Kabarin Malam Zailani

Lado ya sa tsintsiya ya kwashe kashin daga kan bulon, yana ta zuba tsaki. Kaburbura sun fi a ƙirga a makabartar nan ta gindin ganuwa, amma ɗan banzan tunkun bai ga wurin tsugunno ba sai kabarin mahaifinsa. Kuma ba ya warwatsawa, tarawa yake wuri guda, sabo a kan tsoho, har da ƙwallayen kanya a ciki.

Ba abin da Lado bai gwada ba. Ya zuba kananzir, ya barbaɗa barkono, ya ɗana tarko ya kama kazar mutane, har aka kai shi gaban mai unguwa. Da kashin ne kaɗai ma da sauƙi. Magana ce ta fita. Marigayi Malam Zailani mai awon hatsi ne a kasuwa, mutanen birni kuwa ba su raina abin magana. Jiya a shagon ɗinkin Lado na Ƙofar Galadima, wani ya kalli sama ya ce tunku dai ya san surin da yake yi wa kashi. Wai tauye mudu ba ya ɓuya, ko an shiga ƙasa. Zancen ya daɗe da isa kunnen mahaifiyarsa, Inna Talatu, ta daina fita ko barka.

Shi ya sa yau ya ɗauko Kawu Jalo, yayan Inna, tsohon maharbi, daga ƙauye a kan babur. Tsohon ya yi wa mamata sallama, ya tsuguna yana tona kashin da tsinke hankali kwance, abin da ya ƙara ƙular da Lado.

"Kawu, maganinsa nake so, ba sanin abin da ya ci ba."

"Maganin me? Lafiyarsa ƙalau," in ji Kawu. "Haka suke. Ba su yi barkatai kamar akuya. Wuri guda yake zaɓa, mai ɗan tudu, inda ba a wucewa ba a gani ba. Ɗan'uwansa in ya zo ya shinshina, ya san nan da mai shi, ya kama gabansa. Kai kana sharewa, shi yana ganin an goge masa shaida, sai ya dawo ya sake."

"To duk faɗin makabartar nan, don me sai Baba?"

Kawu ya waiga dama da hagu. Sauran kaburburan ƙasa ce kwance, wani da tsingaro, wani da ɗan langalanga. Na Malam Zailani kaɗai ke da faffaɗan bulo, ya kai gwiwa, fari fat, da suna da koren fenti. Lado ne ya sa aka buga shi. Liman ya ce ba sunna ba ce, Lado ya yi kunnen uwar shegu, don tsoro yake ji kada ruwan sama ya shafe masa uba.

"Wa ya gina masa wannan?" Kawu ya tambaya.

Lado ya sunkuya ya ci gaba da shara.

"Tunku ba ruwansa da mudun mijin ƙanwata. Ɓarawo ne a ciki ko waliyyi, duk ɗaya ne a wurinsa. Tudu ya gani."

"In na cire bulon, bayan damina ina zan gane kabarin?"

"Mahaifinka dai ya riga ya daina jin maganar mutane, Lado. Uwarka ce ke ji."

Haushi ya turnuƙe Lado: haushin tunku, haushin mutanen birni, da haushin Kawu da ya faɗi gaskiya yana goge tsinke a ƙasa. Sannan ya naɗe hannun riga, ya jijjiga bulon har ya saki ƙasa, ya ciccibe shi yana nishi, ya kai can gindin ganuwa ya dire.

"Ga shi nan," ya ce wa ciyawar wurin. "Ka kira danginka ma."

Da ya dawo, Kawu ya riga ya baje ƙasar ya nufi ƙofa. Yau kam Lado yana iya gane kabarin, ga gurbin bulon nan ɗanye. Hadari kuwa na haɗowa daga gabas. Ya ɗaga hannuwa zai yi wa mahaifinsa addu'a kamar kullum, sai ya dakata, ya ja da baya kaɗan, ya haɗa layin kaburburan gaba ɗaya a cikin addu'ar.