Kofin Shayin Bu Isa

Babanmu ya rasu ya bar mana mota ɗaya, ni da yayata Lulwa: farar motar tsere 'yar Japan mai turbo biyu, wato na'urorin hura wa inji iska don ƙarin ƙarfi, wadda ya saya sabuwa tun ba a haife ni ba. Na dawo daga Jamus da takardar injiniya da buri guda, a cire ƙananan turbon nan biyu a sa babba ɗaya. Lulwa ce take zuwa aiki da motar duk shekara shidan da ba na nan. Ba ta musa ba, ta dai ce mu je wurin Bu Isa makanike.

A duk garejojin unguwar Salmabad babu mai hannunsa a wannan aiki, kuma Baba bai taɓa barin wani ya buɗe injin ba sai shi. In ya ƙi, magana ta mutu.

Da hantsi muka same shi yana cin gurasa da wake. Na baje masa takarduna, na ce turbo ɗaya zai rage tarkacen bututu, gyara ya yi sauƙi, ƙarfi ya kusa ninkawa. Ya ce duk gaskiya ne. Sai ya ce babban turbo barci yake yi har sai injin ya ɗau zafin juyi, kuma in ya farka ba ya sallama. A cunkoson birnin Manama cikin watan Agusta motar za ta zama kamar jaki mai nawa, ga shan mai, a kan kwalta mai yashi kuma ta juya da mutum. Ƙananan nan biyu, in ji shi, ladabi gare su, ka taɓa su amsa.

"Lissafinka ya fita, Injiniya. Saura ƙafarka."

Kowa ya san ƙa'idarsa, ni ne kawai na ɗauka wasa ce. Yana da tasa motar, ruwan toka, mai turbo ɗaya. Mai son aikin zai tuƙa ta zuwa shataletale, ya buɗe mata wuta sau ɗaya a miƙaƙƙiyar hanya, ya dawo. Bu Isa yana gefe da kofin shayin karak cike, babu murfi. Wanda ya zubar, motarsa ta zauna yadda aka ƙera ta.

Na shiga motarsa, yana gefena. Na fita daga shataletalen a giya ta biyu, na taka totur. Shiru. Na ƙara takawa har ƙasa. Sai wani fito ya taso daga gaba, siriri, yana kauri, sannan kujera ta doke ni a baya, hanya ta tattaro ta nufo ni. Ban taɓa jin abu mai daɗin wannan ba. Bayan motar ya goce, na saki totur da sauri, muka yi gaba muka dawo.

Shayin yana kan farar rigar Bu Isa, daga wuya har gwiwa. Ya dube ni.

"Jamusawa ba sa shan shayi ne?"

Na fara naɗe takarduna. Lulwa ta ajiye jakarta a kan benci.

"Baffa, a sake cika kofin."

Ya dube ta, ya dubi rigarsa, ya ce ai ta riga ta ɓaci. Motar ba ta da kujerar baya, don haka a bakin gareji na tsaya. Daga nesa na ji fiton ya taso, ya hau a hankali, bai yanke ba sai da ta sauya giya. Da suka dawo Bu Isa ya fito yana kurɓar shayinsa.

Ya ce ita ba ta taka don ta tayar da turbon ba, jira ta yi. Da ta ji numfashinsa ya sauya sai ta ɗan sassauta ƙafa, ta tarbe shi. Haka Baba yake yi, in ji shi, kuma shekara shida a cunkoso ta koya mata abin da takarda ba ta koyarwa.

"Zan yi aikin, 'yata. Amma makulli a hannunki."

Sati biyar ya ɗauka. Ya naɗe tsofaffin turbon a tsumma mai mai, ya ba mu a kwali, ko wata rana za mu yi kewarsu. Lulwa ta ce a cunkoso takan yi kewar tasu.

Ranar Juma'a bayan la'asar muke fita. Ita ke tuƙi zuwa garin Zallaq, ni nake dawowa da mu, tana riƙe da kofi. Makon jiya rabin shayin ya rage a kofin.