Hannun Surukina

Likita ya ce mai shagon magani ta gantsara wa wanda ya kashe ta cizo a tafin hannun dama, lokacin da ya toshe mata baki. Garinmu ƙarami ne, don haka na tuɓe kakin ɗan sanda, na bi kasuwa da tasha ina ba kowane namiji hannu, ina matsewa da ƙarfi, ina kallon idonsa. Har mahauta suka fara tsokanata wai takara zan tsaya. Babu wanda ya ko yamutsa fuska.

Da rana na koma gida raina a ɓace, na tarar da surukina a falo, matata tana miƙa masa ruwa. Na durƙusa na gaishe shi kamar kullum. Ina durƙushe na tuna duk garin nan shi kaɗai ne kunya ta hana ni ba shi hannu. Sai na ga ya karɓi kofin da hagu.

Na tashi tsaye, na miƙa masa hannu.

Matata ta ce, "Lafiyarka kuwa? Baba ne fa."

Na ce, "Na sani. Baba, hannunka."

Bai dube ni ba, ita ya duba. A hankali ya ce, "'Yata, shiga ciki."