Sunan Marigayi a Jikin Dutse

Tun bas ba ta gama tsayawa ba Marigayi ya zura sandarsa waje, ya bi ta da ƙafa. Autarsa ta sauko a baya da kujerar roba a hannu, tana roƙonsa ya bi a hankali, gwiwar nan ba ta saurayi ba ce. Ko waiwaye bai yi ba. Ya ɗaga sanda ya tsayar da motoci kamar titin gadonsa ne, ya tsallaka zuwa tsakiyar shataletalen bakin kasuwa.

Marigayi ake ce masa, kuma yana amsawa. A tsakiyar shataletalen akwai dogon dutse da aka kafa bayan yaƙi, an sassaƙa masa sunayen 'yan garin da suka tafi ba su dawo ba. Sunansa yana nan a layin ƙasa, inda laka ke fantsama in an yi ruwa. Shi kuwa ya dawo da ƙafarsa bayan an gama makoki an watse, aka yi ta salati, aka bar dutse yadda yake. Jikokinsa ma kan tsokane shi, wai wace irin gawa ce mai neman ƙarin sukari a shayi.

Yanzu hukumar gari ta tashi gyaran wurin, wani sabon jami'i mai tabarau ya gano akwai mai rai a cikin matattu, ya ce a goge. Auta ta ji daɗi, gaskiyar magana. Ta gaji da wucewa kullum tana ganin sunan ubanta a wurin, gabanta yana faɗuwa a banza.

Sun tarar an wanke rabin dutsen fes. Mai sassaƙa ya durƙusa, ya zagaye sunan da alli, guduma da ƙarfensa suna gefe. Marigayi ya karɓi kujera daga hannun Auta, ya dasa ta a gaban sunan, ya zauna ya jingina, sai da bawan Allah ya ja da baya don kada a take masa yatsu.

Jami'in ya ƙaraso da fara'a, ya rusuna ya gaishe shi. Ba mugun mutum ba ne, irin mutanen nan ne dai da ba sa iya ganin abu a karkace su wuce. Ya yi bayani da ladabi cewa dutsen na waɗanda suka rasu ne, barin kuskure a kai rashin mutunci ne ga su kansu mamatan, kuma za a gayyaci Baba ranar buɗewa ya zauna a sahun gaba.

"Ɗan nan, ka gama?" in ji tsohon. "To babu kuskure. Mutum ya mutu a wannan sunan."

Sai ya ba su labarin da bai cika bayarwa ba, idonsa a kan motocin da ke zagaya su. A sansaninsu akwai wani da ke ɗebo wa sojoji ruwa. Ba soja ba ne, ba shi da lamba, a hanya ya biyo su don ya samu abin sa wa a baki. Dogo suke ce masa. Wata safiya zazzaɓi ya kama shi, yana ta makyarkyata, Marigayi ya tuɓe rigarsa ta soja ya lulluɓa masa. A lokacin kowa kan ɗinke lambarsa a cikin wuyan riga, don in abin ya faru a san ko wane ne. Kafin rana ta take aka yi musu ruwan wuta. Shi Marigayi abokan gaba suka kama shi suka tafi da shi. Dogo kuwa aka tsinci gawarsa ba a gane fuska, aka duba wuyan riga, aka binne shi da sunan mai rigar.

Auta ta dafa dutsen. Ta san zancen riga sama-sama, amma ba ta taɓa jin akwai mutum a cikinta ba. Kunya ta kama ta, da tausayin wanda ba ta sani ba.

Jami'in ya cire tabarau ya goge. Ya ce ai wannan mai sauƙi ne, sai a goge na Baba a sassaƙa na wancan a gurbinsa. Ya tambayi cikakken sunansa da garinsu.

Marigayi ya waiwaya ya kalli sunan. Wata huɗu suna shan ruwa daga hannun mutumin nan, ba wanda ya taɓa tambayarsa. Wannan ne ke cinsa har yau, kuma shi ya sa muryarsa ta fito da kaushi.

"Ban sani ba. Ba wanda ya sani."

"To Baba, ba za a rubuta Dogo kawai a dutsen hukuma ba."

"Shi ya sa na ce ku bar masa nawa. Ni ina da gida, ina da 'ya'ya. Shi wannan layin ne kaɗai abin da yake da shi a duniya."

Jami'in ya ce umarni ne a rubuce, ba shi da ikon sauyawa, kuma ba ya so a kai ga kiran 'yan sanda a kan dattijo. Tsohon ya ce a kira su, dama ya daɗe bai ga masu kaki kusa ba. Mai sassaƙa dai ya tattara kayansa ya koma ɗaya gefen dutsen, yana cewa shi ba a ɗauke shi aikin ɗaga tsofaffi ba. Jami'in ya matsa gefe yana latsa waya.

"Baba, rana za ta yi zafi a nan," in ji Auta.

"In kin gaji ki tafi gida, uwata."

Ta tsallaka titi ta shige kasuwa. Tsohon ya bi ta da ido har ta ɓace, ya ƙara riƙe sandarsa. Jim kaɗan sai ga ta ta dawo da laima da bencin aro. Ta buɗe masa laimar, ta ja bencin ta tare ɗan gefen sunan da kujerarsa ba ta rufe ba, ta zauna.