Ranar da Girdhari Ya Nemi a Ɓata Masa Riga

Shekara talatin da huɗu Girdhari yana gudun bikin Holi, bikin watsa wa juna launi, kamar mai gudun annoba. Mai sayar da magani ne a Kanpur, irin mutanen nan da ko ɗigon shayi ya taɓa hannun rigarsu sai sun koma gida sun canza. Duk shekara matarsa Sumitra takan roƙe shi ya kai ta garinsu, can kusa da Mathura, su yi wasan launi da ƙanwarta Phulmati. Duk shekara amsarsa ɗaya ce, sai baɗi. Ita kuma ba ta iya tafiya ta bar shi da tukunya, don ko ruwan zafi bai iya dafawa ba. Har baɗin ya zo babu Sumitra.

Wata huɗu da rasuwarta, sai ga gogan naka ya sauka daga motar safe a bakin garin su Sumitra ranar Holi, ba wanda ya ja shi. A al'adarsu kowa ya san wanda aka yi wa rasuwa ba ya taɓa launi a Holin farko, sai wani nasa ya shafa masa a goshi, sannan makoki ya sauka. Girdhari ba ɗa, ba ƙane. Phulmati kaɗai ta rage masa, ita kuwa ranar rasuwar ko kallon inda yake ba ta yi ba. Abin da yake tsoro ke nan, ya isa ƙofarta ta ƙi buɗewa.

Gari ya riga ya rikice. Ganguna na tashi ta kowace kusurwa, mata a saman soraye suna kwararo ruwan launi da bokitai, garin launi ja da kore ya turnuƙe lungu har ba a ganin gaba. Wata saniya ta wuce shi, rabinta shuɗi, tana tafiyarta ko a jikinta. Bai yi taku ashirin ba wani ƙaton mutum mai fuska jawur ya tare shi, hannuwa cike da garin launi.

"Baba, wannan farar rigar ai zagi ce ga garinmu! Tsaya a gyara ka."

Girdhari ya haɗa tafukansa. "Yi haƙuri, ɗana. Matata ce ta rasu. Wannan ne na farko."

Ƙaton ya sauke hannu nan take, ya sunkuyar da kai. Sannan ya ɗaga murya sama. "Ke Gwaggo, riƙe bokitinki! Baba yana makoki!"

Maganar ta riga shi tafiya, daga wannan soro zuwa wancan. Duk inda ya nufa sai taro ya dare, masu rawa su ja jiki kada su goge shi, mai ganga ya sassauta hannu har ya wuce. Abin da ya yi shekaru yana nema ke nan, gari guda ya ƙyale shi da tsaftarsa. Yau ya samu, kuma bai taɓa jin kaɗaici irin na yau ba. Wata tsohuwa da ta girme shi tana bin mijinta da ludayin ruwan launi, suna ƙyalƙyala dariya ba haƙori. Ya kau da kai da sauri, don ido ya soma yi masa zafi.

Ƙofar Phulmati ce kaɗai a layin ba ɗigon launi. Ya ƙwanƙwasa sau uku kafin ta buɗe. Ta tsaya riƙe da ƙugu, sanye da farin zane, ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Ikon Allah. Mijin Yaya da kansa. Ka ratsa garin nan kaf ko ƙuda bai sauka a kanka ba?"

"Phulmati, na zo ne..."

"Na san abin da ya kawo ka. Ka makara da shekara talatin da huɗu."

Ta juya ciki, ya ɗauka an gama da shi, har ya soma laluben hanyar komawa tasha. Sai ta dawo da faranti, garin launi ja a tsibe a kai, ta miƙa masa.

"Riƙe. Tun safe maƙwabta ke sintiri wai za su shafa mini, na kore su. Su wa suka rasa? Ni da kai muka yi rashin nan. Kai za ka fara."

Bai taɓa taɓa abin nan da hannunsa ba. Ya dangwala da kan yatsa ɗaya, ya ɗiga mata a goshi.

"Wannan ne shafa? Sai ka ce mai duba ƙura a kan tebur! Kawo nan."

Ta tsoma tafukanta biyu cikin farantin, ta kama fuskarsa ta murje ta, kumatu, gashin baki, har cikin kunne, garin na zuba a ƙirjin rigarsa. Da ta gama ba ta sake shi ba. Hawayenta ya gangaro, nasa ma ya tsaga hanya cikin jan launin.

"Da ka kawo mini ita, ko sau ɗaya," ta ce.

"Da na kawo ta."

Ta gyaɗa kai, ta share ido da bayan hannu, ta ƙara ɓata fuskarta. Sannan ta leƙa layi, ta ƙwala wa matan da ke saman soro kira.

"Ku me kuke jira? Mijin yayata ne, yau ya fara zuwa. Ku zubo!"