Na'ura Ba Ta Ƙarya

Fitilu goma sha shida ne a jere a fuskar na'urar, jan haske yana bin su ɗaya bayan ɗaya, in ya kai ƙarshe ya dawo farko. Zulkarnaini ya ɗora ta kan tebur a ƙarƙashin rumfar bikin da ta tare titi a unguwar Maamobi, ranar Lahadi bayan la'asar. A cikinta ya zuba sautin ganga da kalangu da garaya, kowanne da maɓallinsa. Amma akwai wani maɓalli guda a kusurwar dama da ba ruwansa da bambanci: in aka murɗa shi, dukkan sautukan su hau sama tare, ba ƙara ba, tsayin murya, har mawaƙi ma sai ya ɗaga tasa.

Baba Husseini, mawaƙin da ya shekara talatin yana raka amaren unguwar Nima, ya karɓi makirufo, ya fara da wasan da ya saba.

"Jama'a, ku tafa wa akwati, shi ne makaɗinmu. Wannan na bayansa ɗan dakonsa ne. A kasuwar Agbogbloshie muka tsinto shi da doya a ka."

Mata suka kwashe da dariya. Shekara huɗu ke nan suna wannan dariyar. Zulkarnaini ya yi murmushi, kamar kullum.

Ya san in ya murɗa maɓallin da hannu, kunne zai kama tsallen. Sai ya bar wa na'urar aikin: ya saita ta ta riƙa ɗaga sautin da kanta, kaɗan-kaɗan, yadda ruwa ke cika babbar kwatar Nima ba wanda ya ga shigarsa. Sannan ya naɗe hannuwansa a ƙirji, inda kowa zai gan su.

Ya zaci tsohon zai ɓata hanya. Bai ɓata ba. Kunnensa na gaske ne, duk inda kiɗa ya hau sai ya bi shi. A baiti na uku jijiyoyin wuyansa suka miƙe. A na biyar gumi ya jiƙa bakin hularsa, ya waiwayo da ido mai tambaya.

Yatsa ɗaya ya isa a mayar da komai. Zulkarnaini ya dubi yatsan, ya bar shi inda yake.

Daidai inda ake kiran sunan uwar amarya, inda Baba ke jan murya har mata su yi guɗa, muryar ta tsage kamar ta zakara mai koyon cara. Ya sake gwadawa. Ta sake tsagewa.

"A kawo wa Baba koko ya jiƙa maƙogwaro!" in ji wata daga baya.

Wayoyi suka ɗagu sama. Uwar amarya ta ɗaure fuska, ta yi nuni da hannu, aka zo aka karɓe makirufo. A cikin hayaniyar Zulkarnaini ya danna sau ɗaya, komai ya koma mazauninsa.

Ana tattara kujeru Baba Husseini ya zo ya tsaya a gaban teburin.

"Zulka, tsakaninka da Allah, kiɗan nan bai hau ba? Ni ji na yi yana hawa."

Zulkarnaini ya juya masa na'urar. Ɗan allonta na nuna sifili, alamar ba a ɗaga komai ba.

"Duba da kanka, Baba. Ka ga na taɓa ta?"

"Ban gani ba."

"To, na'ura ba ta ƙarya."

Tsohon ya daɗe yana kallon sifilin. Ya sa ɗan yatsa ya girgiza kunnensa.

"Ashe ba maƙogwaro kaɗai ba ne. Haka ya fara wa mahaifina, yana jin abin da babu." Ya gyara hula. "Ka gaya wa mutanen gidan Jamiu su nemi wani mawaƙi don bikinsu na Lahadi mai zuwa. Ni na gama. Ka yafe mini, ɗana, na kunyata ka a gaban mutane. Kai ka yi naka daidai. Kai makaɗi ne."

Shekara huɗu Zulkarnaini yana jiran wannan kalma.

Ya bi tsohon da ido har ya shige lungu, yana tafe yana taɓa kunnensa. Sannan ya cire waya, ya naɗe na'urar a tsumma. Lungun gidansu matsattse ne, kwata a tsakiya, mutum na bukatar hannuwansa biyu. Ya ɗora ta a ka.