Akushin Ƙirya

Kurfin, ƙarfen fere itace, ya kuɓuce daga hannun Irmiya a karo na uku, ya daki ƙasa ya faɗa cikin garin itace. Tanimu ya saki mariƙin wili, injin ya yi ta juyi shi kaɗai har ya gaji ya tsaya.

"Wa ya ce ka tsaya?" in ji Irmiya.

"Hannunka ne ya ce, Baban Dorkas."

Irmiya ya dubi hannun nasa kamar na wani ne aka ba shi aro. Rawa yake yi. Wata huɗu ke nan ciwon ciki yana cin sa, har rigarsa ta koma kamar an rataye a jikin kara. Ya sunkuya ya duba itacen da ke jikin inji. Kurfi ya yi masa rami mai zurfi a gefe, ya lalace.

Injin nan babu irinsa a Kontagora. Irmiya ya koyi aikinsa a wurin wani Bature tun yana saurayi, ya dawo ya harhaɗa nasa da ƙarafan da ya tsinto da wani ƙaton wili na tsohuwar amalanke. Aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana baya yana juya wili, igiyar fata tana ja, itace yana juyawa. Ɗayan yana gaba riƙe da kurfi, yana fere itacen har ya zama akushi sumul, irin wanda gizagon masassaƙa ba ya iya fitarwa. Irmiya ne a gaba. Tanimu ne a baya, shekara goma sha takwas. Katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu, ita ma ta zube tun wata damina ba wanda ya damu ya tayar. Ran Lahadi ba a aiki saboda Irmiya yana coci, ran Juma'a ba a juya wili saboda Tanimu yana masallaci.

"Akwai saura guda a rumbu," in ji Irmiya, yana haki. "Ƙirya ce, shekara tara tana bushewa. Ina so in ga ta zama akushi da idona. Ɗauko."

Tanimu ya shiga rumbun katako. Cikin duhu ya laluba, hannunsa ya faɗa kan wani guntun gungume mai kyau, zagaye kamar faifai, an yanko shi a gicciye. Ya rungumo shi ya fito ya dire.

Irmiya ya ja tsaki. Zazzaɓi ya rage masa haƙuri, ya kuma kwance masa linzamin baki.

"Kai Tanimu, tsufa ya fara taɓa ka? Wannan ai na murhu ne. Ba ka ga cibiya a tsakiyarsa ba? Dubi, ya ma fara tsagewa. Itacen da ba a tsaga biyu an fitar masa da cibiya ba, ko mala'ika ne ya fere shi, kwana uku ya dare. Abin da ake fara koya wa mutum ke nan."

Tanimu ya tsaya yana kallon ɗigon nan baƙi a tsakiyar itacen, da siraran layukan da suka taso daga gare shi kamar ƙafar gizo.

Ya taɓa ganin irinsa.

A shekarar da Turawa suka naɗe tutarsu, Tanimu yana da ƙarfinsa, ya matsa wa Irmiya ya bar shi ya gwada riƙe kurfi. Irmiya ya yarda, ya zaɓo masa itace da hannunsa, har ya juya masa wili. Akushin ya fito da kyau, har masu wucewa suka tsaya kallo. Tanimu ya kai shi gida ya ɗora a kan gado, matarsa Kubura ta yi guɗa. Kwana uku, suna kwance suka ji ƙas. Akushi ya rabe tun daga gindi har baki. Irmiya ya juya ɓarin biyu a hannunsa, ya girgiza kai cikin tausayi ya ce, "Wani hannun zafi gare shi, Tanimu. Itace ba ya son sa. Ba laifinka ba ne, kowa da rabonsa." Tanimu ya yarda. Wa zai yi musu da rabo? Ya koma bayan wili, bai ƙara roƙo ba.

"Wanda ka ba ni," in ji Tanimu a hankali, "zagaye ne."

Irmiya ya kawar da kai.

"Da ɗigo a tsakiya. Har na ce maka kamar ido, ka yi dariya."

"An daɗe, Tanimu."

"Ran Juma'a kake tsaga itace. Kullum ran Juma'a. Na ɗauka don ba wili ne."

Wata tinkiya ta leƙo rumfar ta wuce. Daga bakin titi ana jin wata motar gwangwaro tana ta nishi a hanyar Zugurma. Irmiya ya zauna a kan benci.

"Akushinka ya fi nawa na farko," ya ce. "Ya fi nawa na goma. Na gani tun kurfi bai yi nisa ba, amma tun kafin nan na riga na zaɓo itacen. Da ka tashi ka kafa naka, wa zai juya mini? Kai kaɗai ka san numfashin wilin nan. Kuma garin nan ba zai ci da mu biyu ba."

"Sai ka ci da ni."

"Ban hana ka abinci ba."

"Jakin mai gishiri ma ba a hana shi dusa."

Tanimu ya ɗauki hularsa ya tsallake zubabbiyar katanga. Bai ci abincin rana ba. Kubura ta tambaye shi, ya ce kansa ke ciwo. Ya zauna a zaure yana kallon tafin hannuwansa, kanta a kan kanta. Hannun nan ya hana shi taɓa jariran 'ya'yansa da gaba gaɗi. Ko ƙwai bai cika son ɗauka ba. In tulu ya fashe a gidan, sai ya tuna ko shi ne ya taɓa shi da safe. Mutum zai iya yafe wa wanda ya sace masa akuya. To wanda ya sace masa hannu, ya bar shi yana yawo da shi fa?

Kwana biyu bai leƙa ba. A na uku da hantsi Salome matar Irmiya ta tsaya a bakin zaure, zani ɗaure a ƙirji, ido jajur.

"Malam Tanimu, ya daina tashi. Mun shimfiɗa masa tabarma a rumfa, ya ce nan yake so. Ya ce a ba ka wannan."

Ta miƙo kurfin, a naɗe da tsumma.

"Kin sani, Maman Dorkas?"

Ta dubi ƙasa. "Na sani. Na yi masa magana a lokacin, ya ce in tsaya a kan tukunyata."

"Shekara goma sha biyar kina ba ni kunu."

"Ina ba ka."

Tanimu ya tashi, amma ba don Irmiya ba. Wannan ya faɗa wa kansa tun yana neman takalmi. Abu guda yake so ya sani kafin shi ma a kira shi: hannun nan, zafi gare shi ko babu?

An riga an fito da ainihin ƙiryar, rabin gungume, ja-ja baƙi-baƙi, nauyi kamar dutsen niƙa. Tanimu ya rage mata kusurwoyi da gizago ya ɗaure ta a inji. Bai gai da mai gidan ba, bai dubi tabarmar ba. Sai da ya tsaya a gaba sannan ya tuna ba kowa a baya.

Salome ta gyara ɗaurin zaninta ta kama mariƙin wili.

"Macen da ta daka dawar mutum tara, wili ne zai gagare ta?"

Busasshiyar ƙirya ba ta san wasa ba. Kurfi na taɓa ta ya yi ƙara kamar an taka wutsiyar kare, ya nemi tsalle daga hannunsa. Ba ta ba da ɓawo, sai gari mai zafi da ke shiga hanci da ido. Bayan ɗan lokaci bakin kurfi ya dushe, sai an koma dutse an wasa.

"Sannu-sannu, Salome," murya ta fito daga tabarma, siririya. "Ƙirya ba ta son gudu. Tanimu, kwantar da baki. Kar ka soka, shafa za ka yi."

Tanimu ya yi kamar bai ji ba, amma ya kwantar da bakin. Ƙarar ta sauya. Itacen ya fara sakin jiki.

Yini biyu suka yi. Salome tana juyi tana hutawa, gumi har ƙafa. Irmiya yana jefo magana ɗaya-ɗaya, duk abin da ya riƙe a cikinsa shekara da shekaru yana fitowa kyauta, yanzu da ba sauran amfanin riƙewa: yadda ake jin kaurin bango da yatsa biyu, yadda ake barin gindi da nauyi, inda ake tsayawa. Kowace kalma Tanimu ya ɗauka, kowace kuma ta ƙara masa ɗaci. Ashe abin duk bai fi a faɗa a yini biyu ba.

Da la'asar ɗin rana ta biyu, yana kwashe cikin akushin, kurfi ya ɗan cije sau ɗaya ya bar siririn tudu a can ƙasa. Ya so ya koma ya share.

"Bar shi," in ji Irmiya. "In ka bi shi za ka huda."

Ya bari. Ya goge da yashi, ya shafa man kaɗe, ƙiryar ta yi duhu tana sheƙi. Salome ta kai wa mijinta. Irmiya ya kasa ɗagawa, sai ya zagaya bakinsa da yatsa.

"Tanimu."

Tanimu yana goge kurfi.

"Tanimu, ka ce wani abu mana."

"Bari ya kwana uku tukuna," in ji Tanimu. Ya tsallake katanga.

Irmiya bai kai ukun ba. Washegari da azahar kukan Salome ya tsallako. Tanimu ya je, ya kama aka haƙa kabari, ya tsaya daga gefe har masu waƙar coci suka gama. Wanda ya ce masa sannu da rashi, ya amsa. Mutane suka yi ta cewa dubi Tanimu, baƙin ciki ya hana shi ko hawaye.

Kwana na huɗu da gama akushin aka cika rumfar da 'yan zaman makoki, dangi daga Zugurma da Nasko, an jingine wili an rufa masa buhu. Kwanonin gidan suka ƙare. Salome ta fito da tuwon dawa a sabon akushin, ta ajiye a tsakiyar dattawa. Tanimu ya kafa masa ido. Lafiya lau yake, ko tsagar gashi babu.

Markus, wan Irmiya, wani tsoho mai furfura har gira, ya ƙwanƙwasa gefen akushin da farce, ya saurari amonsa.

"Kai! Ku dubi aiki. Mutum yana bakin kabari amma hannunsa bai yi rawa ba. Wannan ya fi duk wanda ya taɓa yi. An rufe ƙofa, Kontagora ba za ta sake ganin irin hannun nan ba." Ya juyo. "Malam Tanimu, kai ka juya masa, ko? Allah ya saka maka. Jakin kirki ma sai an dace."

Aka yi 'yar dariya ta makoki. Tanimu ya dubi Salome. Tana tsaye da butar wanke hannu, bakinta ya motsa, sai ta dubi dangin mijinta ta dubi tabarmar da aka naɗe a jingine, ta sunkuya ta zuba wa Markus ruwa.

"Bismillah mana," in ji Markus, ya turo akushin gabansa.

Tanimu ya wanke hannu. Tsofaffin suka ci suna hirar farashin doya da raɗe-raɗin za a raba su da Sakkwato a ba su jiha. Da tuwon ya yi ƙasa, yatsansa ya sauka a kan siririn tudun nan a gindin akushi, ƙarƙashin miya. Ya bar shi a wurin. Sauran suka tsame hannu ɗaya bayan ɗaya, miyar tana hucewa.